Uwar Bindiga: Ta Kamfani Ko Ta Musamman?

Tambaya: Ina zaune a Texas, ina da lasisin farauta. Ina so maƙeri ya haɗa mini bindigar farautar barewa. Shin in sayi tsohuwar Remington 700 a cire uwarta, ko in sayi uwa ta musamman?

Amsa: Uwar ita ce sashen da sakata ke zirga-zirga a ciki, wanda ake ɗaura wa bututu, kunama da ƙota. Remington 700 tana kasuwa tun 1962, kayan gyaranta kuwa ko'ina akwai. Sai dai araha ba ta ado. Sau da yawa sai maƙeri ya daidaita fuskar uwar da zaren da bututu ke shiga, ya gyara zaman sakata, kuma duk aikin kuɗi ne. Kafin ka ankara, jimillar ta doshi farashin ta musamman, irin Defiance ko Impact Precision, waɗanda ke zuwa a daidaice, har ana samun bututun da aka riga aka yanka musu. Ranar sayarwa ma sun fi riƙe daraja.

In kana da tsohuwar 700 a gida, yi amfani da ita. Barewa ba ta tambayar sunan kamfani. In saye za ka yi, sa maƙerin ya rubuta maka kuɗin hanyoyin biyu tukuna.

Kada ka manta, a dokar Amurka uwar ce bindigar, ita ke ɗauke da lamba. Saya ta hannun dillali mai lasisi, ka guji mai tsatsa ko wadda aka taɓa lambarta.