Adana Tarugu Da Tattasai Cikin Ruwan Khal

Jama'ar Talata Mafara da Bakura da Maradun, tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a 1978 noman rani ya wadata ku da tarugu da tattasai. Amma in kaya ya yi yawa a kasuwa, sai ya ruɓe a kwando. Shanya ita ce dabarar da kowa ya sani, tana da kyau in a kan tabarma aka yi ta. Wanda aka baza a ƙasa kuwa ya kan kwashi ƙura da kashin awaki.

Ga wata hanya mai sauri. Uwargida ta zaɓi lafiyayyu, ta wanke, ta yanyanka. Ta dafa kwalba da murfinta cikin ruwa minti goma. Sa'an nan ta tafasa ruwan khal kofi biyu da gishiri babban cokali ɗaya, ta zuba a kan yankakken tarugun cikin kwalbar har ya nutse sarai, ta rufe. Kashegari an iya ci.

To, a lura da wannan ƙwarai. Tsamin khal shi ke hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa, saboda haka a sayi wanda aka rubuta 5% a jikin kwalbarsa. Kada rowa ta sa a sirka shi da ruwa. Kada kuma a zuba mai, gama a ƙarƙashin mai wata ƙwayar cuta ta kan haifi dafi mai shanye jiki, har ya yi kisa.

Gidan da ba firji a yi kaɗan kaɗan, a ajiye kusa da randa, a cinye cikin mako guda. A riƙa ɗiba da cokali mai tsabta, ban da hannu. In murfi ya kumbura, ko kumfa ta taso, a zubar, kada ko a ɗanɗana.