Najashin Zamani: Dannin da Babu Ciniki a Bayansa

Wata ranar Talata bayan sallar la'asar, wani dattijon ɗan kasuwa da nake kula masa da tallan hajarsa a intanet, mai sayar da farantan sola da batura a Kano, ya aiko a kira ni, da na isa kuwa na tarar da shi ransa a ɓace, domin kwanaki ke nan a jere kuɗin da muke ware wa tallan yini guda suna ƙarewa tun kafin hantsi ya dubi ludayi, alhali wayar shagon ko sau ɗaya ba ta yi ƙara saboda tallan ba. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, ni fa na san mai yi mini wannan aiki. Yaran wancan na tsallaken titi ne, ya sa su suna ta danna tallana don kuɗina su ƙare nasa ya hau." Na ce, "Ranka ya daɗe, Alhaji, a ba ni kwana biyu in duba kundi tukuna, kafin a ambaci sunan kowa."

Kafin in faɗi abin da kundin ya nuna, ya kyautu in warware yadda wannan ciniki yake. A da, wanda ya kai talla jarida ko gidan rediyo kuɗin fili yake biya, an gani ko ba a gani ba, an saurara ko an yi barci. A shekarar 1998 wani Ba'amurke mai suna Bill Gross ya zo da wata dabara a kamfaninsa na GoTo.com, watau mai talla ba zai biya ko anini ba sai wani ya danna tallansa, wanda zai fito a sama kuma gwanjo ne zai tantance shi. Google ya buɗe nasa tsarin, AdWords, a 2000, ya rungumi biya bisa danni a 2002, sa'an nan a 2003 ya ƙaro AdSense, wanda ya ba kowane mai shafi damar ɗora tallan wasu a shafinsa ya karɓi la'ada, shekaru da yawa kuwa rabon mai shafin kashi 68 cikin 100 ne. A zahiri babu cinikin da ya fi wannan adalci, tun da ba ka biyan dillali sai ya kawo maka mutum har bakin shago. Illar kawai ita ce, na'urar ƙirga isowa take yi, ba ta tambayar mai isowar abin da ya kawo shi.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da sanin irin wannan cuta a babin ciniki, suna kiranta najashi, haninta kuwa yana nan cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik: mutum ya tsaya a wurin gwanjo yana taya kaya alhali ba shi da nufin saye, don dai wani ya ruɗu ya yi hasara. Fatawa ta malamai ce, amma kamannin a fili suke, domin mai danna talla ba da nufin ciniki ba shi ma ya shiga kasuwa ne da rigar mai saye, ya jawo wa wani biyan abin da bai amfana da shi ba.

Abokin gasar sana'a, wanda zuciyar kowane ɗan kasuwa ke fara zargi, yana aukuwa, amma a abin da na gani cikin aikina shi ne mafi ƙarancin ɓarna, saboda yatsansa ɗaya ne, wayoyinsa ƙidayayyu ne, matatar kamfanonin talla kuma takan gane maimaicin danni daga wuri ɗaya ta zubar da shi kafin a rubuta maka bashi. Wanda ya fi shi haɗari shi ne mai shafi ko mai manhajar waya da ke cin la'ada, domin shi kowane danni kuɗi ne a aljihunsa. Bisa waɗannan kuma akwai manyan 'yan damfara masu sana'ar abin. A watan Nuwamba na 2011 hukumar FBI ta Amurka ta bayyana kama wasu mutane a ƙasar Estoniya waɗanda suka harbi kwamfutoci sama da miliyan 4 a ƙasashe fiye da 100 da wata muguwar manhaja mai karkatar da mutum zuwa tallan da suke cin riba a kai, suka tara kimanin dala miliyan 14. A 2017 'yan sandan Tailan suka fasa wani gida kusa da iyakar Kambodiya, suka tarar da wayoyi kusan 500 jere a kan katakai da layukan waya sama da 300,000, ana amfani da su ana ƙirƙirar farin jinin ƙarya a manhajar WeChat. A 2018 kuma aka rusa ƙungiyar da ake kira 3ve, wadda ta mallake kwamfutocin bayin Allah kimanin miliyan 1.7 ba da saninsu ba, tana sa su ziyartar shafukan jabu suna buɗe talla a ɓoye, har masu talla suka biya wajen dala miliyan 29 kan tallan da idon ɗan Adam bai taɓa gani ba.

To, me ya hana a kawar da abin gaba ɗaya? Niyya ce ta hana. A 2005 wani ƙaramin kantin kayan kyauta mai suna Lane's Gifts a jihar Akansas ya jagoranci ƙarar Google da wasu kamfanoni kan kuɗin dannin ƙarya, a 2006 aka yi sulhu da Google a kan dala miliyan 90, kashi ɗaya cikin uku na lauyoyi, sauran kuma rangwamen talla ga waɗanda suka yi hasara. Cikin wannan shari'a aka ɗora wa wani shaihin malami na Jami'ar New York, Alexander Tuzhilin, binciken hanyoyin da kamfanin ke bi wajen tace danni, ya kuma yanke cewa ƙoƙarin nasu ya dace da hankali, amma ya nuna wata mas'ala da har yau ba a warware ba: abin da ya raba danni na gaskiya da na zamba shi ne nufin mai dannawa, nufi kuwa, kamar yadda kowane ɗalibin Ahalari ya sani, a zuci yake. Saboda haka mai wannan aiki matsayinsa ɗaya da alƙalin da ba shi da shaidu sai alamomi, yana hukunci da zahiri, yana tara alama bisa alama har zato ya yi rinjaye.

Alamomin kuwa ba a allon kamfanin talla ake fara nemansu ba, a kundin shafinka ake nema, watau rajistar da kwamfutar da ke ɗauke da shafin take rubutawa game da kowane baƙo: lokacin da ya shigo, lambar IP ɗinsa, irin na'urarsa, da abin da ya taɓa kafin ya fita. Da na zauna da kundin Alhaji daren nan, abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne lokaci, domin galibin dannin tsakanin tsakar dare da asuba suke zuwa, sa'ad da mai neman batirin sola yake barci. Na duba tsawon zamansu, na ga mafi yawansu ba su kai daƙiƙa biyu ba, ba su gangara ƙasan shafin sun ga farashi ba, balle su taɓa lambar waya. Na bi sawun lambobinsu, sai ga da yawa daga cikinsu na rumbunan kwamfutocin haya ne a ƙasashen waje, inda babu gida babu shago, babu kuma wanda wutar lantarki ke ɗauke masa har ya nemi sola. Sauran kuma daga manhajojin wasan yara suka fito, irin waɗanda ake ɗora talla daf da maɓallin wasa, yaro ya ari wayar mahaifiyarsa ya yi ta taɓa shi bisa kuskure. Wannan ba zambar yaron ba ce, amma kuɗin da ya fita ya fita. Daga unguwar Alhaji kuwa, danni maimaitacce ko ɗaya ban gani ba.

Laifin, in za a faɗi gaskiya, nawa ne, domin ranar da na shirya tallan na bar zaɓin da ke watsa shi zuwa shafuka da manhajojin wasu a buɗe, na kuma bar zaɓin wuri a kan duk wanda ya nuna sha'awar Kano maimakon wanda yake cikin Kano, bambancin waɗannan biyun kuwa shi ne bambancin maƙwabcinka da wanda ya taɓa jin sunan garinku. Ƙaramin ɗan kasuwa, a ra'ayina, ya fara da tallan da ke fitowa ga mai nema kaɗai, ya taƙaita shi ga garin da yake iya kai kaya da sa'o'in da akwai mai ɗaga waya, kada ya faɗaɗa sai ya iya karanta jerin wuraren da tallansa ya fito yana toshe marasa amfani duk mako.

Akwai maganin da mutane ke gaggawar sha wanda nake jan kunne a kansa, shi ne toshe lambobin IP. Google Ads, kamar yadda ake kiran AdWords tun 2018, yana ba da damar toshe har 500 a kowane shirin talla, wannan kuwa yana da amfani ga lambobin rumbunan haya. Amma a ƙasarmu, inda kusan kowa da layin waya yake shiga intanet, kamfanonin layi sukan tara jama'a masu yawa a bayan lamba ɗaya, lambar kuma tana sauyawa daga yau zuwa gobe, har ya zama wanda ya toshe ta don ya kori mutum ɗaya ya rufe ƙofa ga masu saye da dama, shi kuwa wanda ake nufi ya kashe wayarsa ya kunna ya dawo da sabuwar lamba.

Abin da ya fi wannan zurfi, wanda kuma na fi so mai karatu ya tsaya a kansa, shi ne abin da kake gaya wa na'urar talla cewa shi ne nasara. A yau galibin masu talla sun bar wa na'ura ta riƙa yi musu tayi a gwanjo, ita kuwa tana koyo ne daga abin da ka nuna mata. Idan ka ce mata duk wanda ya cike takardar neman bayani a shafinka mai saye ne, alhali manhajojin zamba sun iya cike takarda da sunan ƙarya da lambar da ba ta shiga, to za ta ɗauka ta gano maka kasuwa, ta ƙara kai kuɗinka inda suke, kai kuma kana kallon alƙaluma suna hawa kana hamdala. Don haka nake sa tarko a takardar, wani gurbi da idon mutum ba ya gani amma manhaja tana ganinsa ta cike, duk takardar da ta zo da shi a cike in san ba hannu ne ya rubuta ta ba. Kuma ba na mayar wa na'urar labarin nasara sai wanda aka tabbatar, watau mutumin da aka yi magana da shi ko ya biya kuɗi.

Game da neman haƙƙi, a cikin Google Ads akwai gurbin da ke nuna adadin dannin da kamfanin da kansa ya soke bai caje ka ba, mutane da yawa ba su taɓa buɗe shi ba. Wanda ya ga ɓarnar ta wuce wannan yana iya neman a yi bincike, muddin abin bai wuce kwana 60 ba, amma mai da'awa shi ke kawo hujja: ranaku, lambobi, da lambar shaidar da ake liƙa wa kowane danni mai suna gclid, wadda ba za ka same ta ba in ba ka adana kundinka ba. In an gamsu, galibi rangwame ake zuba maka a asusun talla. Ba na tuhumar kowa, amma dillalin da ke cin la'ada kan kowane kai, shi ne kuma mai ƙirga kawunan, hankali bai yarda a bar masa littafi shi kaɗai ba. Haka nan masu sayar da manhajojin kariya, wasunsu suna da amfani ga mai kashe kuɗi da yawa, sai dai a tuna tsoronka shi ne kasuwarsu, a auna alƙalumansu da wannan ma'auni. Samarinmu masu shafuka kuma, da ke haɗa zauren WhatsApp na ka danna mini in danna maka, su sani kuɗin wani ɗan kasuwa ne irin Alhaji suke ci, ƙarshen abin kuma galibi rufe asusu ne tare da abin da aka tara a ciki.

Ranar Alhamis na koma shagon da takardu a hannu, na zayyana masa abin da na gani, na kuma amsa nawa kuskuren. Ya daɗe shiru yana jan carbi, sa'an nan ya ce, "Ashe mako guda ke nan ina amsa sallamar bawan Allah nan a daƙile." Ya kira yaron shagonsa ya ba shi kuɗi, ya ce ya sayo goro ya kai tsallaken titi, ya kuma biya ta wurin masu littattafai ya sayo babban littafi mai layi, wanda daga ranar duk wanda ya kira ko ya shigo za a tambaye shi inda ya ji labarin shagon a rubuta. Ranar Asabar nakan je in ɗora wannan littafi kusa da alƙaluman kwamfuta, mu bi su layi layi ni da shi.