Ba da Shawara ta Kiran Bidiyo: Darasi ga Ma'aikatan Jin Daɗin Jama'a

Sa'ad da annobar korona ta hana mutane fita a shekarar 2020, ma'aikata masu sauraron waɗanda ke cikin damuwa suka koma ganawa da su ta waya mai hoto, watau kiran bidiyo irin na WhatsApp ko Zoom. Kulle ya wuce, amma hanyar ta zauna, gama ta ɗauke wa mutumin karkara kuɗin mota da wunin tafiya. Sai dai lalle ne ma'aikaci ya san cewa zaman waya yana da nasa sharuɗɗa.

Na fari shi ne sirri, kuma a nan wahalar ta ke. A ofis kai ne ke rufe ƙofa. A waya kuwa ba ka ganin abin da ke bayan hoton. Gidajenmu cike su ke da jama'a: ga kishiya, ga suruka, ga yara suna shiga suna fita. Matar da ke kukan zaluncin mijinta, mai yiwuwa ne mijin yana tsaye bakin labule. Saboda haka bayan gaisuwa, kafin a taɓa maganar da ta kawo ta, ka tambaya, "Malama, akwai mai jin mu?" Ku shirya wata kalma tun ranar farko, misali ta ce ruwa ya tafasa, ka gane wani ya shigo, ka juya zance zuwa lafiyar yara. Ka shawarce ta ta sa abin kunne, don ko an ji muryarta ba a ji taka ba. In wayar ta aro ce, ta goge alamar kiran bayan an gama. Kai ma kada ka yi zaman a inda abokan aiki ke kai da kawowa, kada kuma ka ɗauki magana ko hoto sai da yardarta. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya, ta 2023, ta sa labarin lafiyar mutum cikin abubuwan da a ke tsananta tsaronsu.

Shirin na'ura ba shi da wuya. A cika waya da caji, a sayi data isasshe, a jingine wayar daidai da ido. Haske ya zo daga gabanka, domin wanda ya ba taga baya fuskarsa duhu ta ke yi. A kauce wa lokutan salla.

Sauti yakan yi jinkiri kaɗan kafin ya isa, don haka in mutum ya yi shiru kada ka yi garajen cike gurbin. Wani shirun na layi ne, wani kuwa hawaye ne a ke haɗiyewa, kuma mai gaggawa ba ya rarrabe su. Ka dakata, sa'an nan ka ce, "Ina jin ka, Malam, ba sauri." Wadda ta ji nauyin nuna fuska ga namiji, a bar ta ta rufe hoton. Murya ma ta isa aiki.

Abin da ba a yi masa sakaci ko kusa shi ne wannan: a farkon kowane zama ka san takamaiman inda mutumin ya ke a ranar, unguwa da gida, ka kuma riƙe lambar wani ɗan'uwa da shi da kansa ya amince da shi. Ku yarda cewa in layi ya yanke kai ne za ka sake kira. In ya ambaci kashe kansa, kada ka tsorata ka kashe waya. Ka tambaye shi a fili ko ya shirya yadda zai yi, ka riƙe shi da magana, ka nemi ɗan'uwan nan da wata wayar, ko ka buga 112, lambar gaggawa ta ƙasa. Irin wannan, da wanda hankalinsa ya fara gushewa, sun fi ƙarfin kiran bidiyo. A kai su ga likita ido da ido, ko a babban asibiti mafi kusa, ko a asibitocin tarayya na masu taɓin hankali da ke Kaduna da Kware da Maiduguri.