Ciwon Bel da Maganinsa

'Yan'uwana ɗalibai, nufina a wannan darasi in yi muku bayani a kan bel, watau ɗamarar roba da ke ɗaukar ƙarfin inji ta kai wurin aiki. Kowa ya san injin niƙa a kasuwannin Kagoma da Kafanchan. In ya tsaya ran kasuwa, mai inji ya yi hasarar ciniki, mata kuma su koma gida da hatsinsu a ka. Sau da yawa kuwa injin lafiyarsa lau, bel ne kurum ba shi da lafiya.

Da fari sai mu san yadda abin yake. Akwai faifai biyu masu kwari a baki, makanikai suna ce musu fuli. Ɗaya yana jikin inji, ɗaya yana jikin abin da za a juya. Ga ɗan lissafi. In faɗin na inji inci 4 ne, yana juyi 3,000 cikin minti guda, na biyun kuwa inci 12, to, na biyun zai yi juyi 1,000, amma ƙarfin murɗawarsa ya ninka sau uku. Bel ɗin nan mai siffar V wani Ba'amurke ne, John Gates, ya ƙago shi a 1917. Da gefensa biyu yake kama fuli, ba da cikinsa ba. Ku riƙe wannan, don shi ne tushen dukan abin da zan faɗa.

In kun ji bel yana kuka kamar ɓera, ga warin roba, to, santsi yake yi. A kashe inji tukuna, kana a danna tsakiyar bel da babban yatsa. Ƙa'idar da makanikai ke bi ita ce, in tsakanin fuli da fuli inci 32 ne, ya lotsa kamar rabin inci. In ya zarce haka, ya yi sako-sako, sai a kwance noti a ja inji baya kaɗan. Amma kada a ɗaure shi tamau, gama boris zai yi zafi ya ci, kuɗin boris kuwa da wahalar sa shi sun fi na bel.

Sa'an nan a leƙa cikin kwarin fuli. In ƙasansa yana ƙyalli, bel ya cinye har ya zauna ƙasa, ko kuwa fulin ne ya zaizaye, ɗauri ba zai yi magani ba. In gefe guda kaɗai ya cinye, ko bel yana yawan tsalle ya fita, fuli biyun ba su daidaita ba, sai a miƙa zare a fuskarsu a gani. Mai da giris kuwa abokan gāban roba ne, a goge su sarai. Inda bel biyu ko uku ke aiki tare, a sake su gaba ɗaya, don sabo ya fi tsoho gajarta, shi kaɗai zai ɗauki nauyin.

Akwai kuma wata dabara da ake samu a wasu babura marasa giya, da ƙananan motocin shiga jeji. Kamfanin DAF na ƙasar Holan ya fito da ita cikin ƙaramar mota a 1958. A nan kowane fuli tsagi biyu ne. In inji ya ƙara gudu, wasu 'yan ƙwallaye masu nauyi su buɗe waje su matse fulin gaba, bel ya hau sama, na baya kuma ya buɗe. Watau giya tana sake kanta. In irin wannan abin hawa ya rasa gudunsa na dā, yawanci bel ne ya sirance, sai a auna faɗinsa a gwada da sabo. In yana fizga wajen tashi, a duba ƙwallayen, watakila sun yi lebur, ko ƙura ta cika akwatin. In yana so ya tafi alhali ba a ba shi wuta ba, a fara rage gudun inji. Da damina, a hanyoyinmu na gonakin citta, in ƙafa ta kafe cikin laka kada a dinga ba da wuta. Fuli zai yi ta gurzar wuri guda har ya ƙone, bel ya lalace nan take. A sauka a tura.

Abu na ƙarshe, shi ne mafi girma. Bel mai gudu ba ya jiran kowa. Yakan kama hannun riga ko gyale, ya ja mutum cikin ƙiftawar ido. Ku da za ku fita koyarwa ƙauyuka, ina roƙonku ku gaya wa yaran da ake aike niƙa su tsaya nesa da shi, ku kuma shawarci masu inji su yi masa murfi. Rigakafi ya fi magani.