Zambo da Matsayin Tafinta a Fim ɗin Okja na Bong Joon-ho

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci fim ɗin Okja ta fuskar zambo da rawar da fassara ta taka wajen ƙulla labarinsa. An bi muhimman fitowa-fitowar fim ɗin, aka auna su da ma'aunin zambo da habaici kamar yadda aka san su a nazarin adabin Hausa. Maƙalar ta gano cewa bulalar zambon ta hau kamfanin nama da masu rajin kare haƙƙin dabbobi baki ɗaya, domin kowanensu ya ari bakin tauraruwar ya ci mata albasa, kuma ciniki ne kaɗai maganar da aka ji daga bakinta ba tare da tafinta ba.

1.0 Gabatarwa

Okja fim ne mai tsawon sa'a biyu wanda Bong Joon-ho, ɗan Koriya ta Kudu, ya ba da umarni, ya kuma rubuta labarinsa tare da marubucin Birtaniya Jon Ronson. Kamfanin Netflix ne ya ɗauki nauyinsa. An fara nuna shi a bikin fina-finai na Cannes da ke Faransa a watan Mayun 2017, sannan aka sake shi a intanet ranar 28 ga Yuni na wannan shekarar. Fitowarsa ta tayar da ƙura, domin masu gidajen silima na Faransa sun yi adawa da shigar da fim ɗin da ba za a haska a zaurukansu ba cikin gasar, har masu shirya bikin suka kafa ƙa'idar cewa daga 2018 sai fim ɗin da za a nuna a silimun ƙasar ne zai shiga takara. Manyan kamfanonin silima na Koriya ta Kudu su ma sun ƙi haska shi. Wato tun kafin 'yan kallo su gan shi, fim ɗin da ke caccakar kasuwa ya riga ya zama abin rigima a kasuwa.

2.0 Labarin a Taƙaice

A shekarar 2007, Lucy Mirando, sabuwar shugabar kamfanin Mirando, ta shelanta wa duniya cewa an gano wata irin alade ta musamman a wata gona a ƙasar Chile, kuma za a raba 'ya'yanta 26 ga manoma a sassan duniya su yi kiwon shekara goma, daga nan a zaɓi zakara. Ƙarya take yi, domin a ɗakin gwaje-gwaje aka ƙirƙiri dabbobin ta hanyar sauya ƙwayoyin halitta. Ɗaya daga cikinsu, Okja, ta tashi a duwatsun Koriya tare da wata marainiya mai suna Mija da kakanta. Da wa'adi ya cika, kamfanin ya ɗauke dabbar zuwa Seoul, daga can zuwa Amurka. Mija ta bi sawu. A hanya ta gamu da matasa biyar 'yan ƙungiyar 'yantar da dabbobi ta ALF, wadda ƙungiya ce ta haƙiƙa da aka kafa a Ingila a 1976.

3.0 Zambo da Habaici

A adabin Hausa, mai zambo yakan fito da wanda yake nufi fili, ya kambama muninsa ko halinsa har ya zama abin dariya, shi kuwa mai habaici yakan sakaya suna ya bar mai tsarguwa ya tsargu. Bong ya yi amfani da duka biyun. Sunan Mirando habaici ne da masu sharhi da dama suka danganta da Monsanto, tsohon kamfanin Amurka da ya shahara wajen sayar da irin shuka da aka sauya wa ƙwayoyin halitta, alhali ba a ambaci sunansa ko sau ɗaya ba. Siffanta Lucy kuwa zambo ne tsagwaronsa. Tilda Swinton ta fito da ita cikin fararen tufafi, da wayar gyaran haƙori a baki kamar 'yar makaranta, tana murmushi tana zayyana ta'asar da kakanta ya tafka a masana'antar da take tsaye a ciki, don ta nuna cewa ita ta daban ce. Duk wata kalma mai daɗin ji game da kare muhalli da ciyar da mayunwata ta fito daga bakinta, sai a ƙarshen jawabin ta saki ainihin abin da ke ranta, wato tilas naman ya yi daɗi.

An fi tsananta kambamawa a kan Dakta Johnny Wilcox, masanin dabbobi na talabijin da tauraronsa ya dushe, wanda Jake Gyllenhaal ya fito a matsayinsa da gajeren wando da siririyar murya. Ra'ayin masu sharhi ya rabu kan wannan wasa, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ƙorafin waɗanda suka ce ya wuce gona da iri. Amma fitowar da ya bugu da giya a ɗakin gwaje-gwaje na New Jersey, yana kuka yana kiran kansa masoyin dabbobi, hannunsa kuma na riƙe da na'urar da yake zaƙulo tsokar Okja da ranta, ta biya bashin duk ihun da ya gabace ta.

'Yan ALF ma ba su tsira ba. Suna neman afuwar mutanen da suke far wa, suna nanata cewa ba sa cutar da kowa. Ɗayansu, Silver, yana yawan sumewa saboda ya ƙi cin ko da tumatir, don kada noman da safarar abincinsa su ɓata duniya. Wannan ba'a ce ta raha irin ta abokan wasa. Zambon da ya fi ciwo a kansu yana wajen fassara.

4.0 Tafinta

Mija ba ta jin Turanci, shugaban matasan, Jay, ba ya jin Koriyanci. A cikin motar da suka sace Okja a Seoul, Jay ya bayyana mata shirinsu: za su maƙala na'urar ɗaukar hoto a kunnen dabbar, su bari kamfanin ya sake kama ta, don duniya ta ga abin da ake yi a ɗakin gwaje-gwaje. Ya ce ba za su aiwatar ba sai da yardarta. K, Ba'amurke ɗan asalin Koriya wanda Steven Yeun ya fito a matsayinsa, shi ne tafinta. Mija ta ce ita so take ta koma da Okja gida kan duwatsu. K ya juya ya gaya wa abokansa cewa ta amince.

A kan wannan jimla guda aka gina sauran fim ɗin. Barbarar dole da aka yi wa Okja, da yankar tsokarta, da kai ta mayanka, duk sun biyo bayan amsar da tafinta ya murɗe. Abin lura shi ne K bai yi haka don kuɗi ko ƙeta ba, ya yi ne don kada aikin da ya yi imani da shi ya rushe. Ke nan ƙungiyar da ta ce tana magana a madadin dabbobin da ba su da baki ta kasa isar da maganar yarinyar da ke da baki. Da K ya tona wa kansa asiri, sai Jay, mai wa'azin ƙin tashin hankali, ya lakaɗa masa duka ya kore shi. Daga baya K ya dawo da zane a hannunsa mai cewa fassara abu ne mai tsarki.

Bong bai tsaya kan 'yan wasa ba, ya haɗa har da 'yan kallo. Lokacin da K zai yi tsalle daga motar ya faɗa kogi, ya gaya wa Mija sunansa na Koriya. Rubutun fassarar Turanci da ke ƙasan hoton kuwa ya nuna wai yana ba ta shawarar ta koyi Turanci. Da gangan aka yi hakan. Mai jin harsunan biyu ne kaɗai zai gane an yaudare shi, sauran kuwa sun faɗa ramin da Jay ya faɗa. Manazarcin Hausa da ya san yadda masu fassara fina-finan Indiya a Kano kan cusa barkwancinsu a bakin jarumai ba zai rasa fahimtar girman ikon da ke hannun tafinta ba, da kuma yadda mai kallo ke miƙa masa wuya ba tare da ya iya bincikarsa ba.

Akwai magana guda da ba a fassara ba sam. Mija kan ɗaga kunnen Okja ta yi mata raɗa, kuma ba a taɓa jiyar da mai kallo abin da take cewa ba. Da raɗar ce ta kwantar da dabbar a faretin New York bayan ta haukace ta cije ta a hannu.

5.0 Mayanka da Ciniki

Daga ƙofar mayanka dariya ta ƙare. Bong ya bayyana cewa ya ziyarci wata babbar mayankar shanu a jihar Colorado yayin shirya fim ɗin, kuma ya yi wata biyu bai ci nama ba bayan haka. Saboda haka mai kallon da ba ya cin naman alade ba shi da hujjar cewa zancen bai shafe shi ba, tunda layin da dabbobi ke bi da bindigar da ake sumar da su tsarin masana'antar nama ne gaba ɗaya. Ita kanta Okja an ƙera ta da kwamfuta da jiki mai kama da dorina da fuska irin ta ayu da ɗabi'ar kare, yadda tausayinta zai riga ƙyama shiga zuciya. Fim ɗin kuma bai yi wa'azin barin nama ba, domin Mija tana kamun kifi, kakanta yana dafa mata kaza. Abin da aka sa a gaba shi ne kiwo da yanka irin na masana'anta, inda dabba ke zama lamba tun daga haihuwa.

A nan Nancy Mirando, tagwaiyar Lucy, ta karɓe ragama. Swinton ce dai ta fito a matsayinta, amma ba murmushi, ba kalaman yaudara. Hujjarta ita ce in nama ya yi araha mutane za su ci, ko da sun ga bidiyon da 'yan ALF suka fallasa. Ita kaɗai ce a kamfanin ba ta yi wa Mija ƙarya ba. Roƙon yarinyar bai motsa ta ba. Sai Mija ta ciro aladen zinariya da kakanta ya ba ta a gaban kabarin iyayenta, wanda ya tanada da kuɗin da ta ɗauka ya biya kamfanin don Okja ta zama tasu, ta ce da Turancin da ta tsinta a hanya tana son sayen Okja da ranta. Nancy ta gatsa zinariyar ta tabbatar da ingancinta, ta sallama, ta umarci masu gadi su raka mai saye da hajarta. Jay da K kuwa aka tasa ƙeyarsu.

Wannan fitowa ce ta fi kowace nauyi, domin shawarar da rubutun fassara ya ƙaga wa K ta tabbata: Turanci ya buɗe wa Mija ƙofa, amma ta kasuwa. Ta ceci ƙawarta ne bayan ta amince a kira ta haja mai farashi. A hanyarsu ta fita, tsakanin ɗaruruwan aladu da ke jiran layi, wasu biyu suka turo jaririnsu ta ƙarƙashin shingen lantarki, Okja ta ɓoye shi a bakinta. Su biyu ke nan suka fita daga cikin garken, ƙarar bindigar mayankar kuma na ci gaba a bayansu. A fitowa ta ƙarshe a kan duwatsu, Okja ce ta kai bakinta kunnen Mija, ita ma ba a fassara abin da ta ce ba, sannan yarinyar ta zauna cin abinci da kakanta.