Tada tsohon keke: mu karanta lambar taya kafin mu saya

A gidaje da yawa akwai tsohon keke jingine a bayan rumbu, ya yi tsatsa, tayoyinsa sun tsage. Wani Raleigh ne na Ingila, wani Peugeot na Faransa, wani kuma keken tsere ne na gwanjo mai lanƙwasasshen kai da siraran tayoyi. Kada mu yi gaggawar saida shi ga masu sayen ƙarfe. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Wannan keke yana iya kai mu gona da kasuwa, ya kuma kai mu gidan likita ran da yaro ya kwana da zazzaɓi.

Mu fara da gangar jiki

Mu wanke keken, mu duba shi da rana. Mu lura da mahaɗar ƙarafa, musamman wajen wuya da ƙarƙashin sirdi. Tsatsar sama ba komai ba ce, ana kankare ta a shafa fenti. Amma in ƙarfe ya tsage ko ya lanƙwashe, kada mu kashe kuɗinmu, domin yana iya karyewa muna bisa. In jikin lafiya lau yake, sai mu wanke sarƙa da kananzir, mu bari ta bushe, mu ɗiga mata mai.

Lambar da ke jikin taya

A nan ne mutane da yawa ke yin asara. Mutum ya je kasuwar Maradi ko ta Damagaram, ya gwada taya da ido, ya biya, ya komo gida, taya ta ƙi shiga. Ido ba ya rarrabe tayoyin keke, lamba ce ke rarrabe su.

A gefen taya akan rubuta lambobi biyu da ɗan layi tsakaninsu, kamar 32-630. Lamba ta farko faɗin taya ce, milimita 32. Ta biyu girman zoben ƙarfen da taya ke zama bisansa, wanda makanikai ke kira janti ko rim. Ana iya canza ta farko kaɗan. Ta biyu kuwa tilas ta zama daidai. Ga waɗanda muka fi gamuwa da su:

635: manyan kekunan da, masu birkin sanda, irin su Raleigh da Phoenix. Ana rubuta musu 28 x 1 1/2.
630: tsofaffin kekunan tsere na Ingila da Amurka. Ana rubuta musu 27 x 1 1/4.
622: kekunan tsere na Faransa da yawancin na zamani. Ana rubuta musu 700C.

Mu lura da kyau: wata tayar 622 ma an rubuta mata 28. Wanda ya dogara ga 28 kaɗai zai ruɗe. Saboda haka mu rubuta lambar tsohuwar tayarmu a takarda, mu tafi kasuwa da ita.

In za mu canza ƙafa ɗungum

Tayar 630 ta yi wuyar samu. Mai irin wannan keke yana iya sa masa ƙafafun 622. Bambancinsu milimita 8 ne, don haka sai an sauko da robar birki da milimita 4. In robar ba ta kai kan janti ba, za ta ci gefen taya har ta fashe. Shi ya sa ya kamata mu kai keken wurin mai saidawa, a gwada ƙafar gaba da ta baya, a gwada birki, sannan mu biya.

In da hali, mu zaɓi jantin alminiyam. Ya fi na ƙarfe sauƙin nauyi, ba ya tsatsa, kuma birki ya fi kama shi da damana in ya jiƙe. Siririyar taya tana nutsewa cikin rairayi. Mai faɗin 32 ko 35 ta fi dacewa da hanyoyinmu, muddin ba ta gogar jikin keke.

Wajen ɗaurawa

Mu matsa wayoyin ƙafa biyu-biyu da hannu, a ɗaure wadda ta saki, a canza wadda ta karye. Mu shimfiɗa roba a cikin janti don kada kawunan wayoyi su huda robar ciki mai riƙe iska. Mu shafa cikin taya da yatsa a hankali, ko akwai ƙayar tsaida ko ta aduwa da ta maƙale. Mu sa iska kaɗan, mu juya ƙafa mu ga ta zauna daidai, sannan mu ƙara. Kada mu wuce awon da aka rubuta a jikin taya, kada kuma mu bar keke cikin rana, domin zafi yana busar da roba.

Kafin mu ɗauki kaya ko mu goya yaro, mu gwada birkin gaba da na baya a fili. Rigakafi ya fi magani.

Aikin wannan mako

1. Mu nemo lambar tayar wani keke a garinmu, mu rubuta ta.
2. Wace lamba ce tilas ta zama daidai, ta farko ko ta biyu?
3. Nawa ne tsakanin 630 da 622?