HARSHEN KASUWA DA YA HAƊA KAN ƘABILUN INDUNUSIYA



Da kawuna ya dawo daga aikin Hajji, ya ba mu labarin waɗansu alhazai masu ladabi da haƙuri waɗanda ya ji ana kira "mutanen Jawa". Ya ce wata rana ya ji ɗayansu ya ce "dunia", wani kuma ya ce "Jumat", har ya waiwaya yana tsammanin Bahaushe ne. Wannan labari shi ya sa na tambayi malaminmu na labarin ƙasa, na kuma shiga laburare na yi ta bincike. Abin da na samu shi ne nake so in gutsura muku.

Ƙasar waɗannan alhazai ita ce Indunusiya, a kudu maso gabashin Asiya. Tsibirai ne fiye da 17,000 a warwatse cikin teku, kuma daga wannan gefe zuwa wancan tafiyar kilomita wajen 5,000 ce. Ƙidayar 2020 ta nuna mutanenta sun wuce miliyan 270, yawancinsu Musulmi. Harsunansu kuwa sun ɗara 700. Ashe Jawa sunan tsibiri ɗaya ne da kuma ƙabila ɗaya, ko da yake ita ce babba, don a ƙidayar 2010 ta kai kashi 40 cikin ɗari na jama'ar ƙasar. Bayan ita akwai Sunda, da Batak, da Madura, da Minangkabau, da Bugis, da Bali, da Dayak, da ƙabilun Papua masu yawa.

To, a irin wannan ƙasa, da wane harshe za a yi magana? Ni da fari na ɗauka na Jawa ne, tun da su suka fi yawa. Amma ba haka abin ya kasance ba.

Tun zamanin da, akwai wani harshe da ake kira Malay, wanda asalinsa na mutanen gabashin tsibirin Sumatra ne da ƙasashen da ke daura da su. An tarar da rubutunsa a jikin duwatsu tun na ƙarni na 7, zamanin daular Sriwijaya. Fatake masu jiragen ruwa su suka yaɗa shi tasha-tasha, har ya zama harshen ciniki. Da Musulunci ya zo, malamai suka riƙa rubuta shi da baƙaƙen Larabci, rubutun da suke kira Jawi, kamar dai yadda kakanninmu suka rubuta Hausa da ajami. Ta nan ne kalmomin Larabci suka shige shi. Abin da muke ce wa lokaci su "waktu" suke cewa, labari kuma "kabar", sabulu "sabun". Duk rijiya ɗaya muka ɗebo. Ga sirrin abin da kawuna ya ji.

Haka kuma harshen ya yi aro wurin duk baƙon da ya sauka. Ya karɓi "meja", watau tebur, daga mutanen Fotugal, ya karɓi "kantor", watau ofis, daga Turawan Holan waɗanda suka yi wa ƙasar mulkin mallaka. Ita kanta kalmar "bahasa", wadda ke nufin harshe, daga tsohon harshen Indiya na Sanskrit ta fito.

Ranar 28 ga Oktoba, 1928, samari daga ƙungiyoyin ƙabilu dabam-dabam suka taru a birnin Batabiya, wanda yanzu ake kira Jakarta. Suka yi alkawari cewa ƙasarsu ɗaya ce, al'ummarsu ɗaya, kuma za su ɗaukaka harshe ɗaya na haɗin kai. Harshen nan na Malay suka zaɓa, suka raɗa masa suna Bahasa Indonesia. Wanda ya tsara kalmomin alkawarin shi ne Muhammad Yamin, mutumin Minangkabau. Samarin Jawa da ke wurin kuwa suka amince, alhali waɗanda suka sha Malay a nono 'yan tsiraru ne.

Na ga dalilai uku da suka sa haka. Na farko, harshen ya riga ya bazu a kasuwanni da tashoshin jiragen ruwa. Na biyu, ba na ƙabila mai rinjaye ba ne, saboda haka babu wanda ya ji tsoron za a danne shi. Na uku, harshen Jawa yana da matakan girmamawa masu wuya. Kalmar cin abinci kaɗai, in da aboki kake magana "mangan" za ka ce, in kana maganar kanka cikin ladabi sai ka ce "nedha", in kuwa babba ne ke ci sai "dhahar". Baƙo yana iya zagin mutum bai sani ba. A Malay kuwa "makan" ta wadatar.

Lokacin da Japan ta mamaye ƙasar daga 1942 zuwa 1945, ta hana amfani da harshen Holan, sai sabon harshen ya shiga ofisoshi da makarantu. Ranar 17 ga Agusta, 1945, Sukarno da Muhammad Hatta suka yi shelar 'yancin kai a cikinsa, tsarin mulkin shekarar kuma ya tabbatar da shi harshen ƙasa. A 2023 hukumar UNESCO ta karɓe shi cikin harsunan babban taronta.

Kada a zaci ƙabilun sun watsar da nasu. Yaro a ƙauyen Sunda yakan yi Sundanci da kakarsa, ya yi harshen ƙasa a aji. Kowace ƙabila kuma ta sa wa harshen ƙasar gishirinta. Daga Jawa aka sami "Mas" da "Mbak", waɗanda ake kiran saurayi da budurwa da su don girmamawa. Da jin lafazin mutum akan gane na Batak ne ko na Papua, kamar yadda mukan bambanta Basakkwace da Bakano.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. A birane, iyayen da suka yi auratayya tsakanin ƙabilu sukan yi wa 'ya'yansu harshen ƙasa kaɗai, yara su tashi ba su jin na kakanninsu. Waɗansu ƙananan harsuna a tsibiran Maluku da Papua sun riga sun mutu, waɗansu kuma tsofaffi kaɗai suka rage masu jin su. Harshe kuwa in ya tafi, da tatsuniyoyinsa da karin maganarsa yake tafiya.

Wannan ya sa na dubi ajinmu. Akwai waɗanda Hausa ce harshensu na gida, akwai kuma masu jin Fulatanci ko Barbarci ko Nufanci, amma duk da Hausa muke hira a ɗakin kwana. Darasin da na ɗauka iri biyu ne. Mu da Hausa ta zama tamu tun daga goyo, mu koyi halin samarin Jawa, kada yawa ya sa mu raina harshen wani, ko mu yi masa dariya in ya karya namu. Abokaina masu wani harshe a gida kuwa, ku riƙe shi da kyau, domin kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Iyaye kuma ina roƙonku ku dinga yi mana magana da harshen da aka yi muku.

Allah ya haɗa kanmu, ya ƙara mana ilmi mai amfani, amin.